Baba da Sikelin Bakin Kogi

Da muka dawo daga ƙauye, inda muka kai Baba muka rufe shi kusa da iyayensa, sai muka tarar matan kasuwar kifi sun riga mu cika gida. Tun daga bakin layinmu, nan unguwar Romi a Kaduna, ake jin kukansu. Sun ɗaura zani iri ɗaya, sun jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, wata na birgima wata na riƙe ta. Uwar tagwaye, wadda ita ce shugabarsu, ta fi kowa buɗe murya. "Ubanmu ya tafi, wa zai riƙe mu," take ta faɗa tana dukan ƙirji. Masunta suna gefe sun sunkuyar da kai, huluna a hannu. Fasto ya ce ya daɗe bai ga mutumin da aka so haka ba. Matan zumuntar coci suka ɗauko waƙa, kowa ya kama.

Ni ban kama ba. Ina bayan gida ina wanke kwanuka, ina jin su, zuciyata na tafasa. Mijina ya leƙo ya ce, "Don Allah ki saki fuska, baƙi ne." Na ce, "Baƙin wa? Yaushe rabon ɗayansu da ƙofar gidan nan?" Ya san halina, sai ya ja ƙafa ya koma.

Ni surukar Baba ce, matar ɗansa na fari. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ba kuma zan fara yanzu don ya mutu ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na ga an fara gyara labarinsa tun a rumfar nan, ana share wuraren da ba su yi wa mutane daɗi ba. Kafin shekara ta zagayo za a ce tsufa ne ya fitar da shi daga ruwa. Ƙarya ce. Fitar da shi aka yi, kuma a kan idona aka yi.

Baba ba a cikin masunta aka haife shi ba. Mutanenmu mutanen dutse ne, citta da acca suka sani. Masaƙa ce ta kawo shi Kaduna yana saurayi, ya yi shekaru a Kakuri yana tsaye gaban inji. Da injuna suka yi shiru, abokan aikinsa wasu suka koma ƙauye, wasu suka kama gadi. Shi kuwa sai ya riƙa zuwa bakin kogi yana zama, don kada 'ya'yansa su gan shi a gida da rana tsaka. A nan wani tsoho Banufe mai jirgi ya lura da shi, ya miƙa masa filafili ya ce, "Zaman nan bai yi kama da kai ba, shigo." Har Baba ya koma ga Ubangiji, bai taɓa kiran tsohon nan da wani suna ba sai "maigidana". Tsohon nan Musulmi ne. In lokacin salla ya same su a tsakiyar ruwa, Baba ne ke kafa gora ya riƙe jirgi har ya idar.

Yana da halaye, wasu na dariya wasu na ban haushi. Amarya yake kirana, har na yi furfura, har 'yata ta fari ta haihu. Ba ya cin kifin kiwo, wai wannan ba kifi ba ne, kaza ce aka jiƙa. Kifin ƙanƙara kuwa, irin wanda ake kawowa a katan, ko ƙofar gida ba a shiga masa da shi. Ranar Lahadi sai ya goge hannuwansa da lemun tsami har su yi ja, duk da haka benci na ƙarshe yake zama a coci, kada ƙarni ya hana wani jin wa'azi. Ba ya gaisawa da doguwar magana. In ka tambaye shi ya ruwa, sai ya ce, "Yana nan," shi ke nan ka ji amsarka.

Uwar tagwayen nan da ke dukan ƙirji, na san ranar da ta fara taɓa kifi. Mijinta ya rasu a hatsarin mota, ya bar ta da jarirai biyu da ɗakin haya. Ta zo gidan nan idonta a kumbure, ba ta ma san abin da ta zo roƙa ba. Baba ya cika daro da ƙarfasa da tarwaɗa, ya naɗa mata gammo da hannunsa, ya ɗora mata a ka. Ya ce, "Sabon Tasha za ki, bakin kasuwa ta wajen masu kayan miya. Kada ki yi kuka a gaban mai saye." Bai sake tayar da zancen daron nan ba har abada. Rabin matan da suka ɗaura zani iri ɗaya a gidanmu, haka suka fara. Ni ma shi ya yanka mini ganga ya yi mini murhun banda, ya koya mini yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke.

Abu ɗaya ne Baba ba ya wasa da shi: ba a ƙirga kifi a bakin ruwa, ba a auna shi, ba a ma nuna shi da yatsa. In ya fito, sai ya rufe daro da buhu, a kai gida, a tsakar gida ake buɗewa a ware. Ina sabuwar amarya na bi shi bakin kogi, na ga ƙarfasa na ƙyalli a cikin jirgi, daɗi ya kama ni na fara ƙirgawa. Sai na ji ya kama mini hannu.

Ya ce, "Amarya, in kin je gidan kawunki ya ba ki kyauta, a gabansa kike kwancewa ki ƙirga?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, nan ma gidan wani ne."

Daga maigidansa ya gaji wannan. Wani fasto da muka taɓa yi ya kira shi ya ce ya ji ana cewa yana camfi a ruwa. Baba ya ce, "Fasto, ban taɓa durƙusa wa kogi ba. Allah ke bayarwa, ta hannun kogi yake miƙowa. Wanda aka aiko da saƙo ma ai ana jin kunyarsa." Fasto ya yi masa addu'a ya sallame shi.

Sai kifi ya fara ƙaranci. Wasu na zuba guba a ruwa, wasu na jan gidan sauro a madadin taru suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Baba ne ya fi kowa ƙorafi a kan haka. Don haka da doka ta zo, ba wanda ya kai shi murna. Aka ce kowane jirgin da ke su don sayarwa sai ya yi lasisi, a rubuta masa lamba a jiki. Abin da ya kama a auna, ƙungiyar masunta ta tattara ta kai rahoto ofis kowane wata, don a san abin da ake cirewa daga kogi. Masu sarin kifi ma sai da lasisi, kuma dole su faɗi lambar jirgin da suka saya daga gare shi. Baba ya yi lasisinsa cikin na farko. Bai iya karatu ba, amma da kansa ya sayo shuɗin fenti ya kwaikwayi lambar a jikin jirgi, yana cije leɓe. Ya kira ni in zo in gani ko ta miƙe.

Sai ƙungiya ta kafa ƙarfe a bakin kogi, daidai inda jirage ke tsayawa, ta rataya sikeli.

Shugaban ƙungiyar ɗan ƙanen Baba ne. A gidan nan ya tashi, a kwano ɗaya suka ci da mijina, Baba ne ya koya masa riƙon filafili. Da Yaya nake ce masa. Tun da ya fara yawo da jakar hannu da baƙin tabarau na koma kiransa Ciyaman, yadda yake so. Ina wurin ranar da suka fara haɗuwa a gindin sikelin, na je ɗaukar daro.

Ciyaman ya ce, "Baba, a kawo a rataya."

Baba ya ce, "Biyo ni gida da abin naka, ka auna har ƙaya. Nan dai a'a."

"Doka ce, Baba."

"Ban ƙi doka ba. Ga lamba a jikin jirgina. Tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba ce daga nan zuwa gida, zan ma ɗauko maka sikelin a kaina."

Ciyaman ya dubi samarin da ke tsaye suna kallo, ya yi 'yar dariya ya ce, "Abeg, Baba, zamani ya wuce wannan. Ruwa ba shi da ido."

Baba ya dube shi har sai da dariyar ta bushe. Ya ce, "A jirgina ka koyi iyo." Ya rufe daro da buhu, ya ɗora mini, muka wuce.

Wata ya bi wata, ba rahoto daga jirgin Baba. Da lokacin sabunta lasisi ya yi, aka ce jirgin da ba ya kawo rahoto ba a sabunta masa. Daga nan matan kasuwa suka janye. Na ɗauki daro da kaina na kai wa uwar tagwaye a Sabon Tasha, tarwaɗa manya masu rai suna motsi. Ta ɗaga buhu ta leƙa, ta mayar ta rufe. Ta ce, "Ƙanwata, ki yi haƙuri. In an tambaye ni wace lamba zan faɗa? Nawa lasisin zai tafi." Gaskiyar Allah wannan ban riƙe ta da shi ba, kowa cikinsa yake tsaro. Abin da ba zan yafe ba shi ne ƙafarta. Daga kasuwa zuwa gidanmu keke ɗaya ne, amma ko sau ɗaya ba ta zo ta ce Baba ina kwana ba. In ta hango shi a harabar coci, sai ta tsunduma gyaran ɗankwali.

Aka ce jirgi marar lasisi ba ya zama a bakin ruwa. Mijina ya nemo akori-kura, aka ɗauko shi aka ajiye a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida. Wanda bai san jirgi ba ba zai gane ba: katakon da ya saba da ruwa, in ya bushe tsagewa yake yi. Sai Baba ya samu sabon aiki. Kullum da safe ya ɗauki bokiti biyu ya gangara kogi, ya ɗebo ruwa ya zo ya kwarara wa jirgi, ya shafa da tafin hannu, ya koma. Muna da rijiya a gida, amma ya ce ba ruwan da jirgin ya sani ba ne. Tsoho mai jikoki yana wucewa ta gaban masuntan da ya koya wa aiki, da bokiti, suna kau da kai. Ko ɗaya bai taɓa cewa kawo in taya ka ba.

Na gaji da kallon wannan, na saka zanin zuwa coci na tafi ofishin da kaina. Wata mata na samu, ba ta kai ni shekaru ba, ta ba ni kujera ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Mama, mu abin da muke so a auna kafin a sayar, a kawo mana gaskiya. Inda za a rataya sikeli, ƙungiya ce ta zaɓa. In shugabansu ya yarda a auna na tsohon a gida, ya sa hannu, mu ba mu da matsala." Na fito kamar in yi rawa a titi. Ban ko biya gida ba na wuce wajen Ciyaman, na durƙusa masa, ni da ba na durƙusa wa sa'an mijina.

Na ce, "Yaya, magana ta zo da sauƙi. Hannunka kawai ake jira."

Ya ce, "Matarmu, ba ki san shugabanci ba. In na yi wa Baba, za a ce don ubana ne. Gobe kowa ya kawo nasa camfin. Ya zo ya rataya kamar kowa, me zai cinye shi?"

Na ce, "Lokacin da yake ciyar da kai, ba wanda ya ce don ɗansa ne."

Ya ce wayarsa na ƙara, ya fita ya bar ni a durƙushe.

Na dawo gida da wuta a ƙirji, kuma Baba na fara gani, yana shafa jirgi. A kansa na sauke. Na ce, "Baba, ku ma kun cika taurin kai. Kogin nan da ake zuba wa bola da ruwan kwata, shi ne zai ji ciwo don an auna kifi? Ku bari su rataya mana, ku koma aikinku." Bai ɗago ba. Ya ce, "Don wasu sun zagi mutum, ni ma sai in zage shi?" Ya yi kwanaki bai kira ni Amarya ba, sai dai ya ce "ke". Sannan wata safiya na ji ya ce, "Amarya, kunun nan ba tsami," na san an shirya.

Abin da ya karya shi jirgin ne. Duk da bokitin, rani ya yi tsanani, katako ya buɗe daga ƙasa har yatsa na shiga. Na same shi a tsugune ya zura yatsa a tsagar, ya ce, "Maigidana ne ya bar mini shi. A hannuna zai mutu." Ya toshe tsagar da auduga da kwalta. Sannan ya sa rigarsa ta Lahadi, ya taka da ƙafarsa zuwa gidan Ciyaman, yaron da ya raina, ya ce ya yarda a auna a bakin ruwa.

Ranar da ya koma ruwa, unguwa ta fito kallo. Ya tafi da sassafe, ya dawo da hantsi, kuma kogi ya yi masa kyauta irin wadda aka daɗe ba a gani ba, har da giwan ruwa guda. Samari suka juye a buhu suka rataya a sikeli. Ciyaman ya cire tabarau ya leƙa allura, ya ɗaga murya ya faɗi nauyin don kowa ya ji, aka yi tafi. Na juya in ga fuskar Baba. Ya ba kogi baya, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu a ƙirji, kansa a ƙasa. Ciyaman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka gani, Baba? Sama ta faɗo?" Baba ya zame kafaɗarsa ya kama hanyar gida. Ko kifin bai waiwaya ba.

A gida na kai masa abinci, ya ture. Ya ce, "Ina tsaye aka yi, Amarya. Har da tafi. Da wane ido zan koma?"

Bai koma ba. Lasisi ya fito sabo, Ciyaman ya aiko da shi, Baba ya ce a ajiye. Ya sa aka dawo da jirgi ƙarƙashin mangwaro, amma bai ƙara ɗaukar bokiti ba. Ya daina bin hanyar da ake hango ruwa, ko asibiti za mu sai mai keke ya zagaya. Ya zauna a kujera yana ramewa, likita ya ce hawan jini ne da shekaru. To, likita ya faɗi abin da ya karanta. Da ruwan sama ya fara sauka, kogi ya fara cika, Baba ya huta.

Shi ya sa nake bayan gida ina wanke kwanuka. Ina nan sai na ji Ciyaman ya karɓi lasifika. Ya ce Baba ginshiƙi ne, ya ce Baba ne ya fara yin lasisi a bakin kogin nan, abin koyi ne wajen bin doka. Muryarsa har rawa take. Da ya gama ya sa aka kira ni. Na fito hannuna da kumfa, sai ga katan a kan tebur, kifin ƙanƙara, yana zufa.

Ya ce, "Matarmu, ga ɗan abin da ƙungiya ta kawo, a dafa wa baƙi."

Na goge hannu a zani. Na ce a miƙo mini faranti babba. Na yage katan ɗin a gabansa, na ciro kifi guda na ɗaga yadda na bayan rumfa zai gani, na ajiye a faranti na ce, "Ɗaya." Na ciro wani na ce, "Biyu."

Waƙa ta tsaya. Baƙin da suka zo daga nesa suna kallon juna, ba su gane ba. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar daro daga hannun Baba ya gane. Uwar tagwaye ta ja ɗankwali ta rufe fuska, wannan karon ba murya. Wani tsohon masunci ya tashi ya fita. Ciyaman ya matso ya rage murya ya ce, "Haba, matarmu." Ban dube shi ba. Na ci gaba da ƙirgawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har na kai na ƙarshe, na kife katan ɗin don a ga ba saura. Sannan na ɗago na ce, "Ka ji adadin, Ciyaman. Sai ka kai rahoto."

Da Baba na raye da ya kama mini hannu, kamar yadda ya yi ina amarya. Shi duk abin da aka yi masa bai taɓa yi wa ɗan Adam haka ba. Ubangiji ya karɓe shi, ya ba shi hutun da muka hana shi, ya sada shi da alherin da ya shuka a bakin kogin nan. Mu kuma da muka rage, Allah ya san abin da kowa ya yi.

Jirgin yana nan a ƙarƙashin mangwaro. Ya tsage gida biyu, kaji ke ƙwai a ciki. Lambar ce kawai ba ta goge ba, don Baba ya sa fenti mai kyau.